Sunanta a Jikin Bango

Duk wanda ya saba tsallake gadar Wudil a shekarun baya, in dai mai tsayawa sayen kifi ne, da wuya a ce bai taɓa cin na Uwani ba. Ita ce mai baƙin kasko a gindin darbejiya, wadda ba a taya mata kifi sau biyu. Mijinta Malam Inuwa tela ne a Sabon Garin Wudil, mutum mai sanyin magana, keken ɗinkinsa ma ya fi shi surutu. 'Yarsu ta uku, Suwaiba, ita ke zama bayan kaskon da wuƙa da roba tana gyaran kifi in an taso daga makaranta.

Tun a nan aka san hannunta. Ba ta ƙyanƙyami, ba ta rawar jiki. Wata Juma'a kasuwa ta cika, sai ga wani masunci ya hauro daga kogi da ƙugiya kafe a tafin hannunsa, jini na ɗiga. Maza suka kewaye shi, kowa na faɗin tasa, babu mai taɓawa. Suwaiba, lokacin tana dab da gama sakandare, ta wanke hannu da sabulu, ta ce masa ya kalli gada. Ta tura ƙugiyar gaba har bakinta ya ɓullo, ta sa wani mai facin taya ya datse shi, ta zare sauran. Wata ma'aikaciyar jinya da ta tsaya sayen kifi a hanyarta ta zuwa Gaya ta ga komai. Ta dubi Uwani ta ce, "Baiwar Allah, wannan hannun ba na kifi ba ne. Ku kai ta karatun asibiti."

Maganar ta zauna a gidan. Da ta gama sakandare, Malam Inuwa ya yi iya ƙarfinsa ya kai ta makarantar koyon aikin lafiya a Kano, irin wadda in an fito ake tura mutum ƙananan asibitocin karkara. Ba ita ce babbar makarantar nas ba, amma ita hannunsa ya kai. A shekararta ta ƙarshe aka tura su wani babban asibiti koyon aiki, kuma a can ne wata rana aka bar ta ta raɓe a lungun ɗakin tiyata ana ciro jariri daga cikin uwarsa. Ba likitan ta kalla ba. Nas ɗin da ke gefensa ta kalla, wata doguwar mata mai miƙa masa almakashi tun bai buɗe baki ba, idonta a kan aikin, ko ɗaga kai ba ta yi. Suwaiba ta fito daga ɗakin nan ta san abin da take so a duniya. Ta kuma san hanyarsa: sai ta koma makaranta, ta nas ta sosai. Ta ce a ranta za ta yi aiki shekara biyu, ta tsaya da ƙafarta, sannan ta koma.

Aikin da ta samu na Gidauniyar Bakin Kogi ne, wata ƙungiya da wasu 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata suka kafa don buɗe ƙananan asibitoci a ƙauyukan da ke kewaye da Wudil. Mai tafiyar da ita Dokta Lukman, matashi a lokacin, mai fara'a, wanda ke gaishe da mai shara kamar yadda yake gaishe da hakimi. Ya tura ta Tsamiyar Maikano, wani ƙauye ta wajen Indabo. Abin da ta tarar ɗaki biyu ne da gado ɗaya, jemagu sun mallake silin, ruwa kuwa sai an je rijiyar masallaci.

Watannin farko ba ta ga mai ciki ko ɗaya ba. Matan garin a gida suke haihuwa, a hannun wata tsohuwar ungozoma, Iya Indo, kuma ba su ga dalilin da zai sa su kwance zane gaban yarinyar da ko aure ba ta yi ba. Suwaiba ba ta yi jayayya da kowa ba. Ta riƙa zuwa gidan Iya Indo da hantsi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta taya ta surfe, ranar Litinin ta kawo mata kifin Uwani a ƙunshe. Ba ta taɓa ce mata ga yadda ake yi ba. Sai wata rana haihuwa ta zo wa wata yarinya da gardama, jini ya ƙi tsayawa, Iya Indo da kanta ta aiko a kira "'yar mai kifi". Allah ya ba da sa'a, uwa da ɗa suka tashi. Daga ranar tsohuwar ce ke tasa mata a gaba zuwa awo, tana yi musu faɗa a hanya.

Cikin wannan shekara ta auri Isyaku, mai gyaran wuta a jami'ar da ke Wudil. Ya kama musu gida a Sabon Gari, kusa da iyayenta. Ta gaya masa burinta tun kafin a shafa fatiha, ya ce shi ba ya tsoron mace mai karatu. Da farko kullum take zuwa ƙauyen a acaɓa ta dawo da la'asar. Da damina ta kankama, rafin da ke hanya ya fara yankewa, sai ta gyara wani ƙaramin ɗaki a bayan asibitin, ta sa katifa da risho, don ranar da hanya ta ƙi. Damina ta wuce, ɗakin bai koma kango ba. Naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba, kuma wanda ya san akwai mutum a bayan asibiti ba zai fasa ƙwanƙwasawa ba. A hankali ya zama sai Juma'a take ganin gidanta.

A ƙarshen shekararta ta biyu gidauniyar ta fara shirya bikin karrama ma'aikata, kuma sunan Suwaiba aka fara kira. Aka ba ta allon yabo mai ruwan zinariya, aka ɗauke ta hoto da Dokta Lukman. Ta yi murna har da hawaye. Malam Inuwa ya sa aka wanko hoton ya rataye a shagonsa, saman keken ɗinki, duk wanda ya kawo yadi sai ya ji tarihinsa kafin a auna shi.

A wannan shekarar ce kuma makarantar nas ta ba ta gurbi. Ta je ofishin Dokta da zumuɗinta.

"Alhamdulillahi, Malama Suwaiba, wallahi na taya ki murna," in ji shi. "Amma dubi, yanzu matan nan suka fara yarda da mu. In kika ɗaga yau, gobe za su koma ɗaka. Ki ba ni shekara ɗaya in samo wadda za ta riƙe wurin. Baɗi ni da kaina zan kai ki."

Ta ga gaskiyarsa, ta haƙura. Kuma bai yi ƙarya ba, ya nemo. Ta farkon da aka kawo ta ga ruwan farko ya cinye hanya, ta tafi gida ganin mahaifiyarta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta biyu ta yi aure aka kai ta Kaduna. Da gurbi ya sake fitowa, ya zo daidai da lokacin da masu ba gidauniyar tallafi za su zo daga Abuja.

"Ke suke son gani," Dokta ya ce. "Duk rahoton da muka aika musu, Tsamiyar Maikano ce a shafin farko. In suka zo ba su same ki ba, me zan nuna musu? Sauran asibitocinmu duk a inuwarki suke shan iska."

Baƙin suka zo, suka ga mata cike da benci, suka ji daɗi. Bayan tafiyarsu aka kafa sola a rufin asibitin, aka haƙa rijiyar burtsatse, aka kawo firij na ajiye allurar rigakafi. Duk abin da aka sauke daga mota sai a ce albarkacin Malama Suwaiba ne. Kowace shekara in an zo biki, ko an karrama wasu, ita ce ta rufe taro. Hotonta ya hau kalandar gidauniya. Daga baya ya hau jikin motarsu, tana riƙe da jariri tana murmushi, har ya zama in ta shiga kasuwar Wudil sayen kayan miya sai ta ji ana cewa, "Ga ta jikin mota can."

Sau ɗaya ta gwada zillewa ta wata ƙofa. Ta ji wani asibiti mai zaman kansa a Kano yana ɗaukar ma'aikata, yana kuma barinsu su yi karatu. Ta shirya ta je ba ta gaya wa kowa ba sai Isyaku. Mai asibitin ya dube ta, ya sake dubanta, ya fashe da dariya.

"Ba ke ce ta su Lukman ba? Ai ajinmu ɗaya da shi. Haba, in ɗauke masa idonsa? Ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ki gaishe shi."

Kafin ta iso Wudil, Dokta ya riga ya ji. Bai yi mata faɗa ba. Da ya yi ma da ta fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Ashe mun gaza miki, Malama Suwaiba? Ki yafe mana." Ita ce ta ƙare da ba shi haƙuri.

Ana cikin haka yara suka zo, Salim sannan Zainab. Kowanne ta yaye shi ta miƙa wa Uwani, wadda ta riga ta bar bakin gada saboda ciwon gwiwa. Wata Juma'a Suwaiba ta dawo da tsarabar gyaɗa da rake, Zainab tana 'yar shekara uku, ta ruga ciki tana kira, "Mama, Mama, ga Anti ta zo!" Uwani take kira Mama. Kowa a tsakar gidan ya yi dariya, Suwaiba ma ta yi. Da ta shiga banɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Uwani ba ta cikin masu ruɗuwa da allunan yabo. Ta taɓa duban su jere a bangon falon 'yarta ta ce, "Ke dai kin zama kifin rijiya. Ruwa ga shi nan, ba za ki mutu ba, amma ba inda za ki." Malam Inuwa ya ce ta daina yi wa yarinya baƙin baki, mutum nawa ne a Wudil gwamnati da talakawa suka san sunan 'yarsa?

Shekara biyu da za ta yi suka zama goma sha wani abu. Waɗanda suka gama makaranta tare, wasu sun zama manyan nas, wata ma tana Saudiyya tana turo hotuna a waya. Suwaiba ta daina buɗe zauren da suke hira a waya.

Sai aka kawo mata sabuwar ma'aikaciya, Khaulat. 'Yar ƙauyen Ɗankaza ce, ta tashi cikin gona, taɓo bai dame ta ba. Damina ta zo ta wuce tana nan, wata ta sake zuwa tana nan. Tana da saurin hannu da saurin baki, matan garin suka saba da ita har suna tsokanarta. Suwaiba ta koya mata duk abin da ta sani, ba ta rage ko ƙwaya ba, tana yi tana jin kamar mai kwance igiya daga ƙafarta. Ta sake neman makarantar. Suka ba ta gurbi, amma matar da ke ofishin ɗaukar ɗalibai ta gaya mata a fili cewa sun gaji da ajiye mata kujera, in ba ta zo bana ba kada ta sake nema.

"Wannan karon ba izini za ki nema ba," Isyaku ya ce mata. "Sallama za ki yi. In sun ba ki hutun karatu, to. In ba su ba ki ba, ki ajiye musu aikinsu. Ina da rai, ba za mu kwana da yunwa ba."

"Abban Salim, bari a gama bikin bana tukuna. Saura kwana kaɗan. Ba na so in ɓata musu taro."

"Kullum akwai abin da za a bari a gama."

"Wannan ne na ƙarshe. Ana tashi zan same shi."

Bikin na wannan shekara ba a Wudil aka yi shi ba. A Tsamiyar Maikano aka yi, domin gidauniyar ta gina sabon ɗakin haihuwa a jikin tsohon asibitin, mai gadaje da labule da tayil, za a buɗe shi a ranar. Tun da safe aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba. Ma'aikata daga sauran ƙauyuka suka zo cikin anko shuɗi. Dagaci ya zo da jama'arsa, limamai suka zo, matan gari suka cika bayan rumfa da goyo, Iya Indo a gabansu an ba ta kujera saboda tsufa. Suwaiba na ta kai da komo tana duba ruwan sha da abincin baƙi, maganar da za ta gaya wa Dokta tana juyawa a bakinta kamar goron da ya ƙi taunuwa.

Sai ta ga motar gidauniya, mai hotonta a jiki, ta tsaya. Aka buɗe ƙofa aka kamo hannun wani tsoho cikin farar babbar riga da ta sha guga. Malam Inuwa ne. Rabonsa da fita Sabon Gari tun da idonsa ya fara rauni. Ta ruga ta durƙusa.

"Baba, wa ya kawo ka? Ba a gaya mini ba."

"Likita ne ya aiko mota har ƙofar gida," ya ce yana murmushi. "Ya ce yau ranarki ce, kada in faɗa miki."

Aka buɗe taro da addu'a. Dokta Lukman, wanda furfura ta fara fito masa a gemu, ya tashi ya ba da labarin inda aka fito: yadda aka fara da ɗakuna masu jemagu, yadda yau kowane asibitinsu yake da wuta da ruwa, yadda aka daɗe ba a ɗauki gawar mai haihuwa daga wannan gari ba. Gaskiya yake faɗa, kowa a wurin ya sani. Aka kira Bilya direba, wanda ya taɓa ratsa rafi da mara lafiya a bayansa da mota ta kafe, aka ba shi allo da atamfa ya kai wa matarsa. Aka kira Tasi'u mai gwajin jini. Aka kira wasu mata biyu masu zagayen rigakafi. Kowa aka kira sai tafi da guɗa.

Da aka zo ƙarshe Dokta ya ce, "Akwai wadda allo ya yi mata kaɗan. Mun ba ta har bangonta ya cika. Bana mun ce bari mu ba ta bangon gaba ɗaya."

Ya roƙi jama'a su taso zuwa sabon ginin. A saman ƙofar an rufe wani abu da farin ƙyalle. Ya kamo hannun Malam Inuwa ya damƙa masa igiya. Tsohon ya ja, ƙyallen ya faɗo. An rubuta da manyan baƙaƙe, an zana su cikin siminti yadda ruwa ba zai wanke ba: ƊAKIN HAIHUWA NA SUWAIBA INUWA.

Guɗa ta tashi kamar za ta tsaga rumfa. Malam Inuwa ya ce a karanta masa, aka karanta. Ya ce a sake. Sai ya sa aka kawo benci, aka riƙe shi ya hau, ya kai yatsa yana bin baƙaƙen ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, inda sunansa yake. Hawaye na bin gemunsa, bai damu ya share ba. "Ni Inuwa tela," yake cewa, "ni Inuwa tela."

Iya Indo ta dafa sandarta ta matso, ta kama Suwaiba ta rungume. Ta juya ga mata ta ɗaga murya: "To, ku kwantar da hankalinku! Dā kullum ina jin tsoron wata rana za a ɗauke mana ita. Yau an kafa mata turke. 'Yar mai kifi ta zama tamu, mu da ita sai dai mutuwa!"

Mata suka amsa da shewa. Aka miƙo wa Suwaiba lasifika. Ta riƙe, ta dubi mahaifinta a kan benci, ta dubi matan da ta karɓi haihuwar 'ya'yansu, wasu ma ta karɓi ta jikokinsu. Ta hango Isyaku can baya, ya harɗe hannu a ƙirji, shi kaɗai ne ba ya tafi. Ta ce ta gode wa Allah, ta gode wa iyayenta, ta gode wa Dokta da mutanen gari. Ta yanke maganar a nan, aka ɗauka daɗi ne, aka ƙara tafi.

Duk da haka ta cika alkawarin da ta yi wa mijinta. Da aka fara naɗe rumfuna ta sami Dokta a gefen mota.

"Ranka ya daɗe, makarantar nan sun sake ba ni. Sun ce wannan ne na ƙarshe."

Ya cire tabarau ya goge. "Na daɗe ina cin haƙƙinki a kan maganar nan, na sani. Wallahi ba don in ɗaure ki muka yi wannan ba, don kin cancanta ne. In kin ce za ki tafi, ba zan hana ki ba. Gobe ma sai in sa hannu." Ya dubi ginin, ya dubi matan da suka ƙi watsewa suna leƙa tagogi. "Sai dai ke za ki gaya musu. Ni ba ni da bakin."

Shekara da shekaru tana jiran ya ce ta tafi. Yau ya faɗa, ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ka.

A gida Isyaku bai ɓoye fushinsa ba. "Suna suka rubuta a bango, ba ƙafarki suka sa a mari ba. Asibitoci nawa ne ke ɗauke da sunan mutanen da ba su taɓa kwana a cikinsu ba?"

"Waɗancan manya ne, Abban Salim. Ni da aikina aka rubuta. In na tafi wata ɗaya da buɗewa, me za a ce? An ba ta ta karɓe ta gudu. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

"Kin yi askin nan tun kafin a ba ki ladan. Ki je ki gaya wa Baba, in ya amince shi ke nan, sauran mutane su yi ta magana."

Ta je. Ta tarar da shi a ƙofar shagon da yanzu almajiran ɗinkinsa ke riƙe da shi, abokansa sun kewaye shi, yana ba su labarin ƙyalle da igiya, ga alama ba karo na farko ba. Da ya ji muryarta ya ce, "Yauwa, ga ta nan. Suwaiba, na aika wa 'yan'uwana na Garko da na Sumaila. Bayan sallah za mu ɗauki mota guda mu je su gani da idonsu. Ki ce wa mutanen garin su sa ran baƙi." Ya juya ga abokansa. "Ko yau na mutu, na bar suna a inda ake haihuwar mutane."

Ta zauna a bakin dakali har aka kira la'asar. Ta tambaye shi jikinsa, ta tambaye shi maganin idonsa. Ta tashi ta tafi da maganarta a ciki.

Ranar da aka rufe karɓar ɗalibai tana sabon ɗakin tana karɓar haihuwar tagwaye. Ta san ranar ce. Ba wanda ya tuna mata. Isyaku ya yi kwanaki ba ya doguwar magana da ita, daga baya ya sauko, don ba mutum ne mai riƙo ba. Bai sake tayar da zancen makaranta ba, kuma wannan shirun nasa ya fi faɗan yi mata ciwo.

Da shekara ta juyo aka fara shirin wani bikin, Dokta ya kira ta a waya yana murna. Ya ce bana Khaulat za su karrama, har an ce a turo hotonta don sabuwar kalanda. Suwaiba ta ce madalla. Da ta ajiye wayar ta sami Khaulat a ɗakin magani tana jera kwalabe.

"Ba kin taɓa ce mini kina son karatun nas ba?"

"Ina so mana, Anti. Amma ba yanzu ba. In ƙara shekara biyu tukuna, in ɗan tsaya da ƙafata."

Suwaiba ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta jawo kujera ta zauna. "Ki nema bana. Yau ɗin nan, kafin ki tura wa kowa hoto."

"Anti, in na tafi wa zai taya ki? Ke kaɗai fa za ki koma, ga ɗaki ya ƙaru, ga mata sun ƙaru."

"Dā da wa na yi? Ke dai ki nema."

Khaulat ta nema, ta samu. Suwaiba ba ta bar ta ta je ofis ita kaɗai ba. Ta hau acaɓa ta raka ta, ta zauna gaban Dokta ta ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa roƙonka abu ka yi mini a lokacinsa ba. Yau ina roƙo. Ka sake ta bana, ba baɗi ba. Kada ka ce sai an samo wata. Ni zan riƙe wurin."

Dokta ya buɗe baki zai kawo maganar kalanda, ya dubi fuskarta, ya fasa. Ya jawo biro.

Ranar tafiyar Khaulat da safe Suwaiba ta ɗaukar mata jaka ɗaya har bakin hanya, inda masu acaɓa ke tsayawa. Khaulat na kuka tana cewa za ta dawo da ta gama.

"Kada ki yi mini alkawari," Suwaiba ta ce. "In kin gama ki duba inda ranki yake so. Hau, rana na yi."

Ta tsaya har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Sannan ta juyo a ƙafa ta cikin gonaki. Dawa ta yi tsawo ta rufe hanya dama da hagu, ba a hango komai sai siririyar turbar da ke gaba. Ranar awo ce. Tun daga nesa ta jiyo hayaniyar mata, da ta ɓullo ta tarar benci ya cika, wasu sun shimfiɗa zane a ƙasa, wata mai tsohon ciki ta jingina da bango tana cije leɓe.

Suwaiba ta gaishe su, suka amsa baki ɗaya. Ta dubi mai cije leɓen ta ce, "Ke tun yaushe ya fara miki?"

"Tun asuba, Malama."

"Shi ne kika zauna bin layi? Taso mu shiga. Sauran ku yi haƙuri, yau ni kaɗai ce."